Kafin a Huda Fuskar Jita, a Fara Leƙa Cikinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi makaɗan jita da masu gyaranta, wato ɗaura wa jitar lantarki mai holoƙon ciki ƙarfen nan mai hannu da ke sa muryar tsirkiya ta yi rawa, wanda aka fi sani da sunan Bigsby. Gyaran kayan kiɗa ne sana'ata, kuma a 'yan shekarun nan jitocin gwanjo masu holoƙon ciki suna ƙara shigowa hannun matasan da ke kiɗa a majami'u da wuraren biki da ɗakunan ɗaukar sauti. Da yawansu suna ganin wannan ƙarfe a hotuna, ya ba su sha'awa, su aika a sayo musu, sannan su miƙa wa duk wanda ke da injin huda. Yawancin masu gyaranmu kuwa da jita mai daskararren jiki suka saba, irin wadda makaɗan Agadas suka yi suna da ita, wadda gungumen katako ce tun daga sama har ƙasa, duk inda ka kafa sukuru zai kama. Jita mai holoƙon ciki ba haka take ba, ta fi kama da ƙwarya, domin ƙarfinta a lanƙwasarta yake, ba a kaurinta ba.

Shi ƙarfen ba shi da wani sirri mai wuyar fahimta. Zubin alminiyom ne, a jikinsa akwai sanda mai juyawa wadda take da 'yan ƙusoshi shida, kowace tsirkiya ana maƙala zoben gindinta a ƙusa ɗaya, a naɗo ta ta kan sandar, sannan ta wuce zuwa jaki, wato ɗan abin da ke tallafe tsirkiyoyi a kan fuskar jita. Hannun da makaɗi ke dannawa yana haɗe da wannan sanda, a ƙarƙashinsa kuma sifirin ne guda ɗaya mai kauri. Idan aka danna hannun, sanda ta juya kaɗan, tsirkiyoyi su sassauta, murya ta sauka, idan kuma aka saki, sifirin ya mayar da komai inda yake. Saukar ba ta da zurfi, daga rabin mataki ne zuwa mataki guda, kuma a nan kyawunsa yake, domin an yi shi ne don ya sa murya ta yi lilo a hankali, ba don a nutsar da ita ƙasa ba. Duk wanda yake son ya danna hannu har tsirkiyoyi su kwanta a kan wuya, to, ba wannan ne kayan aikinsa ba, gara ya sani tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Mutumin da ya ƙirƙiro shi, Paul Bigsby, asalinsa makanikin babur ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, ya yi aiki a kamfanin babura na Crocker kafin ya koma ƙera kayan kiɗa a garin Downey. Ba shi ne farkon wanda ya yi tunanin hannun girgiza murya ba, domin Doc Kauffman ya riga shi da wani da ake kira Vibrola, amma wancan ba ya mayar da tsirkiya daidai inda ya ɗauke ta. Makaɗi Merle Travis, wanda Bigsby ya ƙera wa jita a 1948, shi ne ya kai masa kukan wannan matsala, shi kuma maimakon ya yi faci, sai ya ƙera sabo fil, ya sami rajistar mallakar zanensa a 1953. A 1966 Bigsby ya sayar da kamfaninsa ga Ted McCarty, wanda ya shugabanci kamfanin jita na Gibson tun daga 1950, daga baya kamfanin jita na Gretsch ya saye shi a 1999, sannan na Fender a 2019. Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne a gane cewa tun farko an ƙera ƙarfen iri-iri ne da gangan, kowane iri da jikin jitar da aka auna shi a kai, don haka lambobin da ke kansa, irin su B3, B5, B6 da B7, ba ado ba ne.

Saboda haka tambaya ta farko ba ita ce wane ƙarfe ya fi kyau a ido ba, tambayar ita ce mene ne a cikin jitar. Jitoci biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye daga waje, kowace da tagoginta biyu masu siffar harafin f, amma cikinsu ya sha bamban. Gibson ES-335, wadda ta fito a 1958, tana da gungumen katako da ya ratsa tsakiyarta daga wuya har gindi, gefunanta kaɗai ne holoƙo. ES-330 ta 1959 da Epiphone Casino ta 1961 kuwa sirara ne kamarta, amma babu wannan gungume a cikinsu. Sai kuma manya masu zurfin ciki irin su ES-175 ta 1949 da Gretsch 6120 wadda ke ɗauke da sunan makaɗi Chet Atkins. A cikin jita mai holoƙo na gaskiya, wuri ɗaya ne tak a bayan jaki inda akwai katako mai kauri, shi ne ɗan guntun da ke gindi, inda maɓallin rataya yake kafe. Sauran fuskar kuwa falle ne da kaurinsa bai wuce milimita 5 ba a yawancin jitoci, sai 'yan sanduna da aka manne masa daga ƙasa don su tallafe shi. Ba a buƙatar wata na'ura don gane wannan. A haska tocila ta taga ɗaya, a zura ɗan madubi ta ɗaya tagar, a ƙwanƙwasa fuskar da yatsa a saurara, nan take jitar za ta faɗi gaskiyarta.

Idan an san ciki, zaɓen ƙarfe ya zo da sauƙi. B6 dogo ne, an yi shi don manyan jitoci masu zurfi, B3 kuma gajere ne don sirara, kuma dukkansu biyu da hinji kawai suke kamawa a gindi, jikinsu yana kwance ne a kan fuskar jita bisa 'yan matasai masu laushi, jan tsirkiya ne ke danne shi, ba a huda fuska ko sau ɗaya. B7 shi ma yana da hinji, amma yana da ƙarin sanda ta biyu a gaba wadda tsirkiyoyi ke bi ta ƙarƙashinta, kuma yana buƙatar sukuru biyu a fuskar jita. B5 kuwa, mai siffar kofaton doki, ba shi da hinji sam, gaba ɗayansa a fuska ake kafa shi, domin an yi shi ne don jita mai daskararren jiki mai shimfiɗaɗɗiyar fuska. Shi ne mafi yawa a kasuwa, shi da kwaikwayonsa masu araha, kuma shi ne ya fi jawo ɓarna. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna ja da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 45 zuwa 55, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Da hinji, guntun katakon gindi ne ke ɗaukar wannan nauyi, wanda dama aikinsa ke nan. Da B5, sukurori huɗu ne a cikin siririn falle ke ɗaukar sa.

An taɓa kawo mini wata jita ja mai kyau da aka yi wa haka. Sukurori biyu na baya sun fara tasowa, kowane da ɗan tudun katako da ya biyo shi, fenti ya tsage kewaye da ramukan, kuma da na zura madubi sai na ga tsinin sukurorin suna reto a sarari, babu abin da suka kama sai iska, ɗaya ma ya tsaga gefen sandar da ke tallafe fuskar. An manne guntayen katako daga ciki, an cike ramukan, jitar ta koma aiki, amma tabon yana nan, kuma darajarta a kasuwa ta faɗi faɗuwar da ba za ta tashi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da B3 aka sayo mata, da ko ƙwarzane ɗaya ba za ta samu a fuska ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa maganar ba ta ƙare a kan a guji huda kawai ba, akwai dalilin da ya sa aka yi B7. Tsirkiya tana buƙatar ta karyo ƙasa bayan ta haye jaki, wannan gangare shi ne ke danne ta a gurbinta, shi ne kuma ke danne jakin a kan fuska. A babbar jita mai tudun fuska da dogon jaki, gangaren yana samuwa da kansa, shi ya sa B6 ya wadatar. A siririyar jita mai gajeren jaki kuwa, tsirkiya tana iya wucewa kusan a miƙe, sai ka ga makaɗi ya ɗan buga da ƙarfi ta fice daga gurbinta, ko murya ta yi rauni, ko wani ƙaiƙayin sauti ya riƙa fitowa daga jaki. Sandar gaba ta B7 ita ce maganin wannan, domin tana danno tsirkiyoyi ƙasa ta ƙara musu gangare. Kamfanoni sun sha ɗaura shi a kan ES-330 da Casino tun daga masana'anta, kuma jitocin Casino na Paul McCartney da George Harrison, makaɗan ƙungiyar Beatles, duk suna ɗauke da Bigsby. Amma masana'anta ta san irin fallen da ta yi amfani da shi, ta san inda sandunan ciki suka bi, shi kuwa mai gyara da ke riƙe da kwaikwayon jita da ba a san maƙerinta ba, bai san ko ɗaya ba sai ya duba. Ra'ayina shi ne a fara gwada mai hinji kaɗai. A ɗora ƙarfen a gurbinsa ba tare da an kafa ba, a ja zare daga gurbin jaki zuwa saman sanda mai juyawa, a duba daga gefe. Idan zaren ya karyo ƙasa yadda ido zai gani sarai, an huta. Idan a miƙe yake, sai a koma ga B7, kuma a nan wajibi ne a manne guntun katako mai tauri a ƙarƙashin duk inda sukuru zai shiga, idan babu komai a wurin. Gangaren da ya yi yawa shi ma illa ne, domin yana sa tsirkiya ta ciji jaki ta ƙi komawa, don haka sandar gaba ba alheri ba ce a kowane hali.

Mai jita irin ES-335 yana da sauƙi biyu. Gungumen tsakiya zai riƙe sukurorin B7 ba tare da fargaba ba, sannan idan ba ya son huda ko kaɗan, akwai faranti na kamfanin Vibramate da ake ɗaurawa a ramukan tsohon maɗauri, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a da, a ɗora Bigsby a kansa, ranar da aka gaji a kwance, jita ta koma yadda take. Idan kuwa kafawa aka yi kai tsaye, ramuka biyu na tsohon maɗauri za su rage a buɗe. Gibson da kansa, a farkon shekarun 1960, wani ɗan baƙin allo mai rubutu yake rufe su da shi.

Wajen kafawa, abin da ya fi komai muhimmanci shi ne daidaito da wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar maɓallin rataya a matsayin tsakiyar jita, alhali sau da yawa ya ɗan kauce, kuma kaucewar milimita 2 a gindi ta isa ta sa tsirkiyar gefe ta riƙa zamewa daga bakin wuya. Wuya ne alƙali. A rufe fuska da gindi da salatif na takarda don kare fenti, a ɗaura zare biyu ko tsofaffin tsirkiyoyi biyu a ƙusoshin gefe, a bi da su ta kan jaki har kan jita, a ja su kaɗan, sannan a riƙa matsar da ƙarfen hagu da dama har sai tazarar da ke tsakanin kowane zare da bakin wuya ta zama ɗaya, tun daga sama har ƙasa. Sai an kai nan ne za a ɗiga alama da fensir ta ramukan hinji. Ramukan tsohon maɗauri da wuya su dace da sababbi, kuma idan sabon rami ya faɗo a gefen tsoho, bakin injin zai zame ya faɗa ciki, don haka a fara cike tsofaffin da tsinken katako mai tauri da gam, a bari ya kwana. Bakin huda ya kasance ya fi sukuru siranta, a naɗa masa salatif a daidai zurfin da ake so, a goga wa sukuru ɗan kakin kyandir, a murɗa da hannu ba da inji ba, domin waɗannan ƙananan sukurori suna da saurin karyewa, kuma fitar da karyayye daga gindin jita aiki ne mai cin rai. A kafa ɗaya tukuna, a sake duba zaren, sannan a ƙarasa sauran.

Akwai wata siririyar waya da ake yawan mantawa da ita. A yawancin waɗannan jitoci, tana fitowa ne ta ɗan rami a gindi ta kwanta a ƙarƙashin tsohon maɗauri, aikinta shi ne ta haɗa tsirkiyoyi da kayan lantarkin ciki don ta kashe ƙugin da amfilifaya ke yi. Idan aka cire maɗauri ba a lura ba, sai ta sulale ta koma ciki, a gama aiki tsaf, a kunna, a ji ƙugi ya cika ɗaki, kuma taɓa tsirkiya ba ya rage shi. A kama ta da salatif tun da farko, a kankare bakinta, a tabbata hinji ya danne ta sosai. A jita irin ES-335 wayar takan tafi ne ga ɗaya daga ramukan tsohon maɗauri, don haka dole a nemo mata sabuwar hanya zuwa ƙarfen.

Daga nan sai jaki, wanda a manyan jitoci masu holoƙo ba a kafe yake ba, zaune kawai yake a kan gindinsa na katako, tsirkiyoyi na danne da shi. Kafin a sassauta tsirkiya ko ɗaya, a kewaye ƙafafunsa da salatif don a san mazauninsa. Idan an riga an rasa, a auna daga ɗan ƙashin da ke ƙarshen wuya zuwa ƙarfe na 12 a cikin 'yan ƙarafan da ke jere a kan wuya, a ninka biyu, nan ne kusan wurinsa. A yawancin jitocin Gibson wannan tsawo inci 24.75 ne. Sauran daidaitawar da kunne ake yi: idan muryar da aka danna a ƙarfe na 12 ta haura yadda ya kamata, a ja jaki baya, idan ta gaza, a turo shi gaba. Da zarar hannu ya fara aiki, tsirkiyoyi za su riƙa jan jakin gaba da baya, kuma idan gindinsa bai zauna daram ba, zai yi ta tafiya kaɗan-kaɗan har saiti ya lalace. Maganin da na fi yarda da shi shi ne a shimfiɗa takardar yashi a kan fuskar jita, yashin yana kallon sama, a goga gindin jakin a kai a hankali har ya ɗauki lanƙwasar fuskar. Wasu suna ƙarawa da ɗan salatif mai manne ta fuska biyu, wasu kuma suna kafa 'yan ƙusoshi biyu da jakin zai zauna a kai. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a zuba gam mai kamawa nan take, domin ranar da aka sauya kaurin tsirkiya, jakin zai buƙaci matsawa.

Ƙorafin da ya fi yawa a kan Bigsby shi ne wai yana ɓata saiti, kuma a ganina zalunci ake yi masa a mafi yawan lokuta. Sifirin yana mayar da sanda inda take, abin da ke hana tsirkiya komawa shi ne inda ta maƙale a hanya, kuma wuraren biyu ne, gurbin jaki da gurbin ɗan ƙashin wuya. Duk wanda ya murɗa maɓallin saiti ya ji wata 'yar ƙara kamar an tsinke zare, to ƙashin ne ya matse tsirkiya. A buɗa gurbin kaɗan, a sulɓe shi, a goga masa bakin fensir, domin baƙin fensir yana sa santsi ba ya kuma tara ƙura kamar mai. A wajen jaki, ana iya sa mai 'yan tayoyi da ke juyawa tare da tsirkiya, ko irin sandar ƙarfe ta Gretsch da ke yin lilo gaba ɗayanta, ko kuma a sulɓe gurabun wanda ake da shi. Kada naɗin tsirkiya a maɓalli ya wuce zagaye biyu zuwa uku, kuma a ja sababbin tsirkiyoyi da hannu har su daina miƙewa. Kafin duk wannan, tun ƙarfen yana hannu ba a ɗaura ba, a juya sandarsa da yatsa, idan tana cijewa ko tana kwarkwaɗa, a mayar wa mai shi, domin babu saitin da zai gyara wannan, kuma kwaikwayo masu araha sun fi yawan wannan aibi.

Sa tsirkiya a kan 'yan ƙusoshin yana gwada haƙurin mutum a karon farko, domin zoben yana zamewa da zarar an saki. A lanƙwasa gindin tsirkiyar a jikin fensir kafin a maƙala, a cusa guntun soso a ƙarƙashin sandar ya riƙe zoben, sannan a ja zuwa maɓalli. A riƙa sauya tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, don jaki ya zauna a wurinsa, sifirin kuma kada ya faɗo ya ɓace. Tsayin hannu ya danganta da ƙarfin tsirkiya. Masu kauri suna danne sifirin har hannu ya kusa taɓa fuska, sai a sa mai tsawon inci 1 a maimakon na inci 7/8 da aka saba, ko a ƙara masa zobe a ƙarƙashi.

Abu na ƙarshe ya shafi yanayinmu, wanda takardun da ke zuwa da ƙarfen ba su san da shi ba. Jita mai holoƙon ciki tana numfashi da iska: da damina katako ya sha danshi fuska ta ɗan taso, da hunturu ya bushe ta ɗan sauka, musamman idan fuskar sassaƙaƙƙen katako ce ba falle-falle da aka manne ba. Wanda ya auna gangaren tsirkiya a watan Agusta ya ga ya isa da ƙyar, yana iya tarar da abin ya sauya a Janairu, kuma tsagewar da bushewa ke kawowa ta fi son ta fara daga bakin rami. Don haka a bar ɗan rara wajen aunawa, a ajiye jita a cikin akwatinta tare da ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji a lokacin hunturu, a kuma juya hannun baya kafin a rufe akwati don kada murfi ya danne shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka mai kiɗan ranar Asabar kada ya kawo jitarsa ranar Juma'a. Gam yana buƙatar kwana, sababbin tsirkiyoyi suna buƙatar miƙewa, shi ma sifirin yana buƙatar 'yan kwanaki ana kaɗawa kafin ya zauna, sannan a sake duba jaki da tsayin hannu sau ɗaya.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai gyaran kayan kiɗa,
Kaduna.